Zuwa Ga 'Yata, Kan Tutar Nan Mai Baƙar Alwatika

 'Yata, da fatan sanyin Ingila bai takura miki ba, karatu kuma yana tafiya yadda ake so.

Na ga hoton da kika turo, na kuma saurari saƙon muryarki har wurin da kika yi ƙasa da murya kika ce kada babanki ya ji. Bai ji ba. Tambaya biyu kika yi mini a dunƙule: shin abin da tutar nan take nufi ke ce, in kuma ke ce, shin wani abu ne ya lalace a jikinki ko a imaninki? Ta biyun ta fi sauƙi, bari in sallame ta tun yanzu: babu abin da ya lalace. Ta farkon kuwa ke za ki amsa wa kanki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nawa shi ne in faɗa miki abin da na sani game da tutar da masu ita, in ɗora da abin da aikin jinya da ɗakin haihuwa suka nuna mini, wanda masu tutar ba za su faɗa miki ba, domin ba su taɓa zama a tsakar gida irin tamu ba.

Tutar dai kin gan ta. Sama fari, ƙasa ruwan toka, siririn ratsi shunayya ya raba su a tsakiya, sai baƙar alwatika da ta taso daga gefen hagu, wajen sanda, tsininta yana kallon cikin ratsin. Uwar irin waɗannan tutoci ita ce mai launin bakan gizo, wadda wani Ba'amurke mai suna Gilbert Baker ya ɗinka a birnin San Faransisko a 1978 domin gangamin masu sha'awar jinsi ɗaya. Ratsi takwas ta fara da su, daga baya ta koma shida. Tun daga nan ya zama al'ada a can, duk rukunin da ya ga ba a san da zamansa ba sai ya yi tasa tutar. A 2001 wani ɗalibi a Amurka, David Jay, ya kafa wata ƙungiya a intanet da ake kira AVEN, ta mutanen da ba sa jin sha'awar kwanciya da kowa, mace ko namiji. Su ne ake ce wa asekshuwal. A cikin hirarrakin mutanen wannan ƙungiya ne, a 2006, aka fara amfani da sunan demisekshuwal ga waɗanda suke cewa su ba haka suke gaba ɗaya ba: sha'awar tana zuwa musu, amma ba ta zuwa sai bayan shaƙuwa mai zurfi da mutum. A 2010 asekshuwal suka kaɗa ƙuri'a suka zaɓi tuta mai ratsi huɗu, baƙi, ruwan toka, fari da shunayya. Waɗannan launuka huɗu su ne a tutar da kika turo, ta demisekshuwal, an dai sake musu zama ne. Baƙi yana nufin rashin sha'awar, fari yana nufin samuwarta, ruwan toka na waɗanda suke tsakani ne, shunayya kuma alamar jama'ar da ta haɗa su. Sunan demisekshuwal ya fito sarari ne daga baya. Manhajar Tinder ta saka shi cikin abin da mutum zai iya zaɓa ya bayyana kansa da shi a 2019. A 2021 Michaela Kennedy-Cuomo, 'yar gwamnan jihar Niyok na lokacin, ta faɗa a bainar jama'a cewa haka take, jaridu suka yi ta yayatawa. A 2022 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmar.

To, me suke cewa game da kansu? Yawancin mutane, maza da mata, sukan ga wani a hanya ko a fim, ba su san sunansa ba balle halinsa, sai wani abu ya motsa a jikinsu. Tsayi ne, ko murya, ko ƙamshin turare, ko yadda yake taku. Mai tarbiyya ya kawar da kai ya wuce, amma motsin ya riga ya faru, kuma don yana faruwa ne aka umarce mu da runtse ido tun farko. Wannan ita suke kira sha'awa ta farko, wadda ido da kunne suke kawowa nan take. Akwai ta biyu, wadda ba ta zuwa sai an san mutum, an yi hira mai tsawo, an ga yadda yake in ransa ya ɓaci, an ba shi amana ya riƙe. Mai wannan suna yana cewa shi ta farkon ba shi da ita sam. Yana ganin kyau, yana iya cewa wane kyakkyawa ne, amma maganar a ido take tsayawa. Ta biyun ce kaɗai ƙofarsa, ita ma ba kullum take buɗewa ba. Wannan wurin nake so ki lura da shi, domin da yawa a nan suke kuskure: shaƙuwa sharaɗi ce a wurinsu, amma ba alkawari ba ce. Mutum yana iya shaƙuwa da aboki shekara da shekaru bai ji komai ba, sannan ya shaƙu da wani a ji abin ya zo. Wani wata kaɗan ya ishe shi, wani sai an daɗe ƙwarai. Sunan kuma bai ce komai ba game da jinsin wanda za a so. Maganarsa a kan yadda abin yake zuwa ne da lokacin da yake zuwa. Da yawa daga cikin masu kiran kansu da shi mata ne masu son maza da maza masu son mata, suna auren junansu suna haihuwa kamar kowa.

Na san abin da mamanki za ta ce in ta ji wannan bayani. Za ta tafa hannu ta ce, to ai kowace 'yar mutunci haka take, su Turawa komai sai sun yi masa suna da tuta! Maganarta tana da kama da gaskiya, amma ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Kamun kai aiki ne. Yarinya ta ji abin a ranta, ta danne saboda tsoron Allah da darajar gidansu, wannan ƙoƙari ne kuma ana samun lada a kansa. Abin da waɗannan mutane suke bayyanawa kuwa ba ƙoƙari ba ne, babu abin da suka danne. Mai azumin da yunwa take ci ya daure daban, wanda cikinsa bai nemi abinci ba daban, ko da yake duk su biyun ba za ki gan su da kwano a hannu ba. Shi ya sa nake ja miki kunne tun yanzu: in har haka kike, kada ki ɗauka kin fi ƙawayenki tsarki. Wadda take jin abin tana kame kanta ta fi ki shan wahala. Ke taki jarrabawar tana wani wuri, kuma zan zo kanta.

Abin da ya sa sunan ya tsiro a can bai tsiro a nan ba, a ganina, bambancin lokacin da ake gane mutum ne. A wurin da yawa daga cikin matasan can, ana haɗuwa ta waya, a ga hoto, a fita cin abinci sau ɗaya ko biyu, sai a sa ran abin ya kai ga shimfiɗa. Wanda jikinsa ba ya amsawa da wuri tun yana ɗan makaranta zai ga ya fita daban, abokai su yi ta tambayarsa me yake damunsa. Dole ya nemi bakin da zai yi bayani da shi, ya nemi 'yan'uwansa. Tutar daga wannan kaɗaici ta fito, kuma ni ban ga abin dariya a ciki ba. A wurinmu kuwa abin a juye yake. Yarinya irin wannan ita ce abin misali a unguwa. Ba ta tsayawa da samari, ba a taɓa kama ta da waya a ƙarƙashin filo ba, iyaye suna cewa 'ya'yansu ku dubi wance. Ita kanta ba ta san akwai wani bambanci tsakaninta da sauran ba. In manema suka fara sallama tana fita zance tana dawowa ba ta ce komai ba, sai a ce ruwan ido ne, ko girman kai, ko boko ya shiga mata kai. A gaji a zaɓa mata. A kawo lefe, a sa rana, a yi kamu, a kai ta ɗakin mutumin da duk zamansu bai wuce zance kaɗan a zaure ba, da ƙanwarta zaune a gefe. A wannan dare yabon shekara ashirin yake komawa laifi.

Irin waɗannan amare na gan su a asibiti ba adadi. Uwa ko gwaggo ce take riƙo hannunsu, a ce ba ta da lafiya, tana gudun miji. Kafin su iso wurinmu an riga an gama da su a gida. An ɗura musu tsumi da gumba da kayan mata kala-kala, an ce sanyi ne an yi ta ba su sassaƙe, an ce namijin dare ne ya aure su an kai su ruƙiyya ana ta yi wa aljanin da babu shi tsawa. Mafi muni, a wasu ƙauyuka a ce gishiri gare ta, a kira wanzami ya yanka, daga nan wata ta kamu da yoyon fitsari, mijin da aka yi don shi ya sake ta saboda wari. Ba na cewa dukkansu masu wannan suna ne. Wata tsoro ne, wata ƙanƙanta ce an yi mata aure jikinta bai isa ba, wata zafi take ji na gaske, wata kuma an taɓa cutar da ita tana yarinya ba ta faɗa wa kowa ba. Amma a cikinsu akwai waɗanda in kika zauna da su kika rufe ƙofa, abin da za su ce miki bai wuce wannan ba: Sista, ni fa ban san shi ba. Ba su ce ba sa son sa ba. Ba su san shi ba. Wasu daga cikinsu, waɗanda Allah ya haɗa da maza masu haƙuri, na sake ganinsu bayan shekaru sun zo awo, fuska a sake, mijin yana bakin ƙofa riƙe da jakarsu. Ba magani ne ya yi aiki ba, zama ne ya yi.

Maza ma akwai su, kuma nasu ya fi ɓoyuwa, don namiji ba shi da bakin cewa bai ji komai ba. Abokai su yi masa ba'a a majalisa, a ce basir ne ya cinye shi, ya je ya sayi maganin maza a bakin tasha wanda ba a san abin da aka zuba a ciki ba, ya jawo wa zuciyarsa da ƙodarsa ciwo a banza.

Masana a can sun ɗan auna abin. Wani malami a Jami'ar Brock ta Kanada, Anthony Bogaert, ya duba amsoshin mutane sama da 18,000 a Birtaniya, ya wallafa a 2004 cewa kusan 1 cikin 100 sun ce ba su taɓa jin sha'awar kowa ba. A ƙidayar Ingila da Wels ta 2021, wadda ita ce ta farko da aka yi irin wannan tambaya a cikinta, mutum kusan 28,000 suka rubuta cewa su asekshuwal ne. Waɗannan alƙaluma na marasa sha'awar gaba ɗaya ne, kada ki ɗora su a kan masu tutarki. Abin da ya fi amfani gare ki shi ne, babban littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suke dogaro da shi wajen tantance cuta, a bugunsa na 2013, ya ce ba a kiran ƙarancin sha'awa cuta sai in yana damun mai shi ƙwarai kuma ya kai kimanin wata 6, sannan wanda ya san haka yake tun tasowarsa kuma ya bayyana kansa a matsayin asekshuwal ba a lissafa shi cikin marasa lafiya. In wanda ba ya ji sam ba majinyaci ba ne, ina ga wadda take ji bayan shaƙuwa?

Sai dai ni ma'aikaciyar jinya ce, ba zan bar ki ki lulluɓe komai da suna ɗaya ba. Tambayar da nake yi wa kowace mace ita ce: haka kike tun asali, ko da can akwai abin ya tafi? In da akwai ya tafi, wannan zancen likita ne. Ciwon damuwa yana kashe sha'awa, wasu daga cikin magungunan da ake bayarwa dominsa ma suna kashe ta. Ciwon sukari, matsalar maƙoƙo, jego da shayarwa, zafi a lokacin saduwa, duk suna yi. Wanda aka taɓa cutarwa yana ƙarami shi ma jikinsa yakan rufe, kuma wannan ciwo ne da yake buƙatar mai saurare, ba tuta ba. In akwai irin wannan a rayuwarki wanda ban sani ba, ƙofata a buɗe take, kuma kin ga yadda nake riƙe magana. Akwai kuma wani abu dabam da ake rikita shi da naki. Wata likita a Kanada, Rosemary Basson, ta bayyana a 2000 cewa mata da yawa da suka daɗe da mazajensu ba sa fara jin sha'awa haka kawai, sai an fara kusantar juna da tausasawa sannan ta taso. Wannan ruwan dare ne a gidajen aure, kuma da maza sun san shi da masu sayar da kayan mata sun rage ciniki. Amma shi maganar yadda abin yake tashi ne tsakanin waɗanda suka riga suka so juna. Naki maganar ko zai fara samuwa ne tun farko.

Yanzu ga taki jarrabawar. Tunda ƙofarki shaƙuwa ce, to ki san da wa kike shaƙuwa. Sauran 'yan mata ana yi musu kashedi da mai mota da mai daɗin baki, ke waɗannan ba za su taɓa girgiza ki ba, shi ya sa za ki saki jiki ki ce ai ni ba ruwana. Haɗarinki yana wurin abokin karatun da kuke raba dare kuna hira a waya, da malamin da yake sauraron damuwarki, da abokin aikin da yake da mata da 'ya'ya, wanda kike ce wa yaya. Wata shida, shekara ɗaya, babu komai, rannan sai ki wayi gari abin da ba ki taɓa ji ba ya sauko miki gaba ɗaya a kan mutumin da ba zai yiwu ba. Kuma da yake ba ki saba da shi ba, ba ki koyi yadda ake riƙe shi ba kamar ƙawayenki da suke fama da shi tun suna 'yan shekara sha biyar, zai fi ƙarfinki. Za ki ce ai wannan shi ne kaɗai a duniya, tunda a kansa kaɗai na taɓa ji. Ba shi kaɗai ba ne, shi ne dai wanda kika ba lokacinki. Akwai kuma mazan da suka iya jira. In suka gane sirrinki amana ce, sai su yi shekara suna gina amanar ƙarya. Saboda haka kada ki riƙa shelar yadda zuciyarki take aiki ga duk wanda ya yi miki murmushi. Hirarki mai zurfi, ta dare, ta sirri, ki ajiye ta ga wanda in abin ya zo a kansa, hanyar aure a buɗe take.

Shi kuma wanda ya zo da niyyar aure yana da haƙƙi a kanki. Kada ki yaudare shi da shiru. Ba sai kin kawo masa sunan Turanci ba, zai tafi intanet ya ga tutoci ya firgita, ya fahimci abin da ba ki ce ba. Ki faɗa masa da Hausarki, cikin kunya da mutunci: ni mutum ce da ba na sakin jiki sai na san mutum sosai, ina buƙatar lokaci kafin aure, zan kuma buƙaci haƙurinka bayansa. Daga yadda ya karɓi wannan magana za ki san rabin halinsa. Wanda ya yi dariya ya ce bari dai a ɗaura, zan yi maganin abin, ki sallame shi da girma da arziki. Wanda ya yi shiru ya tambaye ki me zai yi ya taimaka, ki ƙara masa kujera. Kada kuma ki yi masa alkawarin abin da ba ki da tabbas a kansa. In kun daɗe kuna fahimtar juna, kina ganin kirkinsa, amma tunanin zama matarsa yana sa ƙirjinki ya ƙuntata, kada ki shiga don tausayi ko don an riga an karɓi kuɗin gaisuwa. Mayar da akwati ya fi sauƙi a kan zaman da za ku cuci juna, shi yana ganin an ƙi shi, ke kina ganin ana yi miki dole. Shi ma ɗan wani ne, yana da buƙatarsa ta halal, kuma ba laifinsa ba ne da yake jin abin da ke ba ki ji ba tukuna.

Addininki bai bar ki a baya ba a nan. An shar'anta neman izinin mace kafin a aurar da ita. Khansa'u 'yar Khizam, mutuniyar Madina, mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren, kuma labarin yana cikin Bukhari. An kwaɗaitar da masu niyyar aure su ga juna domin a samu jituwa. Suratur Rum da ta yi maganar ma'aurata, natsuwa da ƙauna da jin ƙai ta ambata. Don haka in kin ce a ba ki lokaci ki san mutum, a gaban iyaye, ta hanyar da ta dace, ba wani baƙon abu kika ɗauko daga Ingila ba. Iyakokin da kika sani kuma suna nan yadda suke. Sunan nan bai halatta miki komai ba, bai kuma haramta miki komai ba.

Saura tutar kanta, tunda kin ce kina tunanin saka ta a shafinki. Shawarata kada ki saka. Ba don abin da take nufi abin kunya ne ba, sai don babu mai karanta ta yadda kike nufi. A can, wanda ya ga baƙi da toka da shunayya ya san zancen. A nan, ɗan'uwan babanki da zai gani ba zai tsaya tambayar ma'anar alwatika ba. Zai ji an ce tana cikin dangin tutar bakan gizo, shi ke nan ya gama yanke hukunci, kafin la'asar hoton ya zaga dangi. Kin kuma san tun Janairun 2014, lokacin Shugaba Goodluck Jonathan, akwai dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga shiga ƙungiyoyinsu ko mara musu baya. Abin da kike bayyanawa game da kanki ba shi dokar take nufi ba, amma ɗan sandan da ya karɓi wayarki a hanya da maƙwabcin da yake jin haushin gidanku ba za su zauna bambance launi ba. Abin da aka saka a intanet kuma ba ya gogewa, wani ya riga ya ɗauki hotonsa. Ko a can ɗin ma ba a gama daidaitawa ba, har yanzu suna gardama a tsakaninsu kan ko mace mai son namiji da take kiran kanta da wannan suna tana cikin tafiyarsu ko ba ta ciki. Ban ga dalilin da za ki ɗauki kayan rigimar da ba taki ba ki ɗora a ka.

Sunan ya yi miki amfani guda, kuma ba ƙarami ba ne: ya nuna miki ba ke kaɗai ba ce, ya ba ki hanyar fahimtar abin da ya daɗe yana ɗaure miki kai. Ki karɓi wannan ki gode. Amma shekarunki ashirin da 'yan kai, kada ki ɗaure kanki da shi har ki riƙa auna kowane motsin zuciyarki da abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa. In shekara biyar nan gaba kika ga bayanin bai dace da ke ba, ki ajiye shi, ba wanda kika ci wa bashi. Su kuma 'yan ajinku da suke rataya tutocinsu a jaka, irin wannan da sauran, ki zauna da su da mutunci. Ba sai kin yarda da duk abin da suka yarda da shi ba kafin ki gaishe su, ki ci abinci da su, ki taimake su in sun shiga matsala. Da yawansu sun sha tsangwama a gidajensu kafin su kai ga wannan ƙyalle. Kada bakinki ya ƙara musu.

Game da yaron nan da babanki yake ta maganarsa, ɗan abokinsa, ki bar ni da shi. Ni na goyi babanki, ba zai ƙi jin tawa ba. Ba zan ambaci tuta ko wani suna ba. Zan ce masa 'yarsa irin mutanen nan ne da ba a yi musu gaggawa, kada a karɓi komai daga gidan su yaron, kada a sa rana, sai kin dawo hutun ƙarshen shekara kun zauna kun ga juna, kuma ko bayan nan maganar ƙarshe taki ce. In ya amince, zan sa a ba yaron lambarki da sanin iyaye, ku fara gaisawa. Ke kuma ki riƙa ɗaga wayarsa, ki tambaye shi abin da kike son sani, ki lura da yadda yake yi wa mahaifiyarsa da ƙannensa magana. In wata uku ta wuce kika ga ko hirar ba ta yi miki daɗi, ki faɗa mini kai tsaye, ni zan san yadda zan warware ba tare da zumunci ya ɓaci ba.

Ki riƙa cin abinci mai zafi, ki sa rigar sanyi. Kowa a gida yana gaishe ki.

Gwaggonki.